Yadda ake bin ƙungiyar jami'arku zuwa wasan Rose Bowl ba tare da aljihu ya yi kuka ba

Ni dai da na zo Amurka karatu ban ɗauki wannan ƙwallon nasu da suke kira American football a bakin komai ba, don a wajena ƙwallon da ake rungumewa a ƙirji ana gudu ana kokawa sai dai a kira shi dambe da hular kwano. Amma zaman Ann Arbor sai da ya canza min ra'ayi, garin da duk Asabar ɗin kaka mutum sama da dubu ɗari ke cika fili ɗaya, kana so baka so sai ka san jami'ar Michigan na da wasa, don ko burodi ka fita saye kowa zaka gani cikin shuɗi da ruwan ɗorawa. A hankali na fara bin abokan karatu, har abin ya kai ni ga bin ƙungiyar zuwa Pasadena a jihar Kalifoniya ranar 1 ga Janairun 2024, ranar da muka kara da Alabama. Tun daga nan ƙannenmu da ke zuwa karatu suke ta tambayata yadda ake wannan tafiyar, toh ga shi nan dalla-dalla, wanda ya ga zai iya bismillah.

Kafin komai ka gane me ake nufi da wasan bol. Ƙungiyoyin jami'o'i suna buga wasanni 12 daga ƙarshen Agusta zuwa ƙarshen Nuwamba, duk wadda ta ci aƙalla 6 ta cancanci a gayyace ta wasa ɗaya na ƙarshen kaka a wani gari daban, yawanci gari mai ɗumi, tsakanin tsakiyar Disamba da farkon Janairu. Irin waɗannan wasannin sun kai wajen 40, amma uban gayyarsu shi ne Rose Bowl, wanda aka fara a 1902, ranar ma Michigan ce ta lallasa Stanford 49 da nema. Sunan kuma daga siffar filin ya samo asali, don in ka hango shi daga sama kamar ƙaton akushi yake, wato bowl da Turanci. Kai da ka taso da ƙwallon ƙafa ta gaskiya ka san filin nan ko baka sani ba, a nan Roberto Baggio ya ɗaga fenareti sama a wasan ƙarshe na kofin duniya na 1994 Brazil ta ɗauki kofi, a nan kuma Kamaru ta yi 2 da 2 da Sweden a wannan gasar. Ni wallahi wannan ne ma rabin abin da ya ja ni.

Mataki na farko, kuma shi ne wanda ya fi kowanne cin kuɗi in ka yi sake da shi: ranar Lahadin sanarwa. Ana buga wasannin ƙarshe na rukuni-rukuni a Asabar ɗin farko ta Disamba, washegari Lahadi da rana sai a faɗi kowace ƙungiya inda za ta je. Namu a 2023 Michigan ta ci Iowa 26 da nema ranar 2 ga Disamba a Indianapolis, ranar 3 aka ce a cikin ƙungiyoyi huɗun da za su nemi kofin ƙasa mu ne na ɗaya, Alabama ta huɗu, a haɗu a Pasadena. Toh daga minti ɗin da aka faɗa, dubban mutane ne ke ruguwa kan waya suna neman jirgi ɗaya da kai, kana kallo farashi ke hawa kamar kuɗin rago ana gobe Sallah. Dabarar da wani tsohon ɗalibi ya koya min ita ce, ka sayi tikitin jirgin tun daren Asabar in alamu sun nuna inda za a tura ku, saboda a dokar Amurka in ka saya kai tsaye daga kamfanin jirgin kuma tafiyar ta rage kwana 7 ko fiye, kana da awa 24 da zaka iya fasawa a mayar maka da kuɗinka cif. Kaga kenan in sanarwa ta zo daidai ka riga kowa, in ta zo akasin haka ka soke kafin awa 24 ta cika baka yi asarar ko sisi ba. Amma fa kai tsaye daga shafin kamfanin, kuma ka karanta sharaɗinsu kafin ka danna, don in ta hannun dillalan intanet ka bi labari na iya shan bamban.

Ka kuma lura tsarin ya canza daga kakar 2024, yanzu ƙungiyoyi 12 ke shiga sili-ɗaya-ƙwale na neman kofin ƙasa, shi ya sa wani lokacin ba a ranar Lahadin nan zaka san makomarku ba. Ohio State sai da ta ci Tennessee ranar 21 ga Disamban 2024 kafin magoya bayanta su tabbatar za su Pasadena, kwana goma kacal suka samu na shiri, suka je kuma suka ci Oregon 41 da 21. In irin wannan ta same ku sai dai ka kama otal mai sharaɗin sokewa kyauta tun da wuri ka zauna kana addu'a.

Wajen zaɓen filin jirgi kar ka maƙale wa LAX, babban filin jirgin Los Angeles, kaɗai don shi ka sani. Yankin Los Angeles na da filaye da dama, Burbank shi ya fi kusa da Pasadena kuma ƙarami ne baka ɓata lokaci a layi, akwai Ontario ta gabas, akwai Long Beach, akwai na Santa Ana can kudu. Ka gwada su duka, ka gwada ranaku daban-daban, zuwa ranar 29 ko 30 ga Disamba ya kan fi 31 sauƙi, dawowa ranar 3 ya kan fi ranar 2 sauƙi don ranar 2 kowa ke son gudowa gida. Sannan kar ka kuskura ka ce zaka sauka ranar wasan da safe. Lokacin hunturu ne, ƙanƙara na iya tsayar da jirgi a Detroit ko Chicago na awanni, ka zo ka kalli wasan da ka biya kuɗi mai zafi a talabijin ɗin filin jirgi. Aƙalla kwana ɗaya cikakke ka bari a tsakani.

Masu cewa za su tuƙa mota kuma, eh ana yi, amma daga Michigan zuwa Pasadena ya haura mil 2,200, sama da awa 30 kenan a kan sitiyari ban da barci da shan mai. In ku huɗu ne kuma kowa na da lasin kuma kuna da kwana uku na zuwa uku na dawowa, ba laifi. Ku dai bi hanyar kudu, ku guji tsaunukan Colorado a Disamba, ko hanyar kudun ma wajen Flagstaff a Arizona tudu ne sosai ƙanƙara na sauka. Ni ban ba ɗalibin da hutunsa sati biyu ne wannan shawarar ba gaskiya.

Takardu. Wannan namu ne mu baƙi, abokanka Amurkawa ba za su tuna maka ba don su ba ruwansu. Daga 7 ga Mayun 2025 hawa jirgin cikin gida na buƙatar katin shaida mai tambarin REAL ID, in lasin ɗinka bashi da shi toh fasfo ɗinka na ƙasarku ya wadatar, ka riƙe shi a jikinka kar ka jefa a jakar da zaka miƙa a kai wajen kaya na jirgi. Ka tafi da takardar I-20 ɗinka, wato takardar makaranta da ke nuna kai ɗalibin waje ne, ka kuma ɗauki hoton komai ka aje a waya. Sannan in zumuɗi ya ɗebi abokai suka ce tunda an zo Kalifoniya a leƙa Tijuana ta Mexico, ɗan'uwa ka duba bizarka da sa hannun ofishin ɗaliban waje kafin ka taka, don fita ba wuya, dawowar ce aiki.

Yanzu tikitin wasan kansa. Hanyoyi uku ne. Ta farko ita ce ta jami'a, don kowace makaranta ana ware mata kaso, sai ta raba tsakanin masu ba da gudummawa da masu tikitin kaka da ɗalibai, kuma na ɗalibai shi ya fi arha amma taga ce ƙarama, imel za su turo su ce a nema kafin rana kaza, wani lokacin ma ƙuri'a ake yi, wanda bai duba imel ɗinsa na makaranta ba a wannan satin sai ya ji ana labari. Tikitin ɗalibi kuma sau da yawa sai da katin shaidar makaranta ake karɓa, don haka shi ma ka saka a walat. Ta biyu ita ce kasuwar 'yan sake-sayarwa irin su Ticketmaster da StubHub da SeatGeek, a nan ka kunna wajen da ke nuna farashi haɗe da duk caji, don in ba haka ba sai ka zo biya ka ga an lafta maka wani abu a kai. Farashi a nan yana tashi sama ranar sanarwa, sau da yawa ya ɗan sauko in wasa ya matso, amma ba kullum ba, in ƙungiyoyi biyun duk masu jama'a ne irin namu da Alabama saukowar ba ta da yawa. Ta uku ita ce saye a hannun mutum a zaurukan Facebook, kuma a nan ne aka yi wa wani abokin tafiyarmu sakiyar da ba ruwa, wani ya turo masa hoton tikiti ya ce ya tura kuɗi ta waya, yana turawa mutumin ya toshe shi, shikenan kuɗi sun bi ruwa sai da muka yi masa karo-karo ya sayi wani. Hoton tikiti ba tikiti bane malam, sai an turo maka shi ya shiga cikin manhajarka da sunanka.

In zaka zaɓi kujera ka fara binciken ɓangaren da aka ba magoya bayanku, jami'a na sanarwa. Zama cikin 'yan adawa ba haɗari bane, mutanen Alabama ma da muka haɗu da su masu fara'a ne, sai dai awa uku da rabi ana yi maka ihun Roll Tide a kunne kai kaɗai cikin shuɗi ba daɗi. Kujerun bayan raga sun fi arha, kuma a wannan wasan zama can sama ya fi zama ƙasa kusa da fili, don daga sama ne kake ganin yadda 'yan wasa ke jeruwa da inda kowa ya nufa.

Sai masauki, kuma a nan nake so ka natsu don nan ne mutane ke ƙona kuɗi a banza. Otal-otal ɗin cikin Pasadena a satin sabuwar shekara tun watanni suke cika saboda faretin furanni da ake yi a garin da safiyar ranar wasan, waɗanda suka rage kuma sai su ce dole ka kama kwana uku ko fiye a farashin da sai ka riƙe baki. Kar ka wahalar da kanka. Buɗe taswira ka nemo layin jirgin ƙasa na A, wanda ya taso daga Long Beach ya ratsa tsakiyar Los Angeles da tashar Union ya bi ta Pasadena ya wuce Arcadia da Monrovia da Azusa, duk otal ɗin da zaka iya takawa da ƙafa daga shi zuwa tashar wannan layin ya yi maka. Kuɗin jirgin dala 1.75 ne da katin TAP, wanda zaka saya a injin tasha ko ka saka a waya. Mu a tsakiyar Los Angeles muka kama ɗaki ɗaya mu huɗu, gado biyu, aka raba kuɗi, kuma daga LAX akwai bas ɗin FlyAway da ke kai mutum tashar Union kai tsaye. Otal ɗin bakin teku a Santa Monica na da daɗin hoto amma ranar wasa sai ka gwammace kiɗa da karatu, nisa ne ga go-silo. In zaka biya ka duba harajin ɗaki da kuɗin fakin, don basa cikin farashin da suke nunawa da manyan baƙi, kuma za su riƙe wani abu a katinka na jingina sai bayan ka fita su sake shi, kar ka je da kati mai ɗan abin da ya rage daidai wa daida.

Hayar mota ni ban ga amfaninta ba in wasan kawai ya kawo ka, balle in baka kai shekara 25 ba za su ƙara maka caji na kowace rana. Sai dai in kuna son yawo sosai.

Kaya. Kar sunan Kalifoniya ya ruɗe ka. Da rana akwai ɗumi, wajen digiri 20, har ka ji kana son cire rigar sanyi, amma filin a cikin kwari yake, Arroyo Seco ake kiran wajen, rana na faɗuwa kafin biyar na yamma sanyi zai sauko maka kamar hunturun Jos. Ka saka kaya hawa-hawa, riga mai launin ƙungiya a sama, rigar sanyi a ɗaure a ƙugu, takalmi kuma wanda zaka iya doguwar tafiya da shi. Jaka ita ce ke mayar da mutane daga bakin ƙofa: sai leda mai gani-har-hanji wadda bata wuce inci 12 da 6 da 12 ba, ko ƙaramar pos kamar tafin hannu. 'Yar'uwa, wannan jakar taki mai kyau ki barta a otal, hijabi da abaya kuwa ba wanda zai ce miki komai. Lema ma basa bari, in ana hasashen ruwa ka sayi rigar leda. Ka leƙa shafin filin kwana biyu kafin wasa ka karanta jerin abin da aka hana don suna ɗan canzawa. Ka cika wayarka da caji ka riƙe ƙaramin fawa bank, kuma tun a otal ka sauke tikitin cikin walat ɗin waya, saboda mutum dubu casa'in in suka taru waje ɗaya netwok mutuwa yake. A ciki da kati ake ciniki, tsabar kuɗi ba za ta yi maka amfani ba.

Toh ranar wasa. Akwai shawarar da sai ka yanke tun dare: zaka kalli fareti ko a'a. Faretin furanni yana tashi 8 na safe, yana bin titin Colorado tsawon mil biyar da rabi, manyan motoci ne da aka lulluɓe da fure da iri da ɓawon itace, dokarsu ce duk abin da ido zai gani a jikin motar ya zama tsiro ne, ga dawakai ga 'yan badujala na makarantu. Wanda ya saba kallon hawan Daushe zai gane irin wannan cikar, mutane tun ranar 31 da rana suke shimfiɗa a gefen titi su kwana a nan don kama waje. Tsayuwa a gefen titi kyauta ce, kujerun bene ne ake saye. Ra'ayina, in karon farko ne ka je ka gani ko na awa ɗaya, ka tsaya ta farkon hanya kusa da tsohon garin Pasadena yadda zaka zame da wuri. In kuma jikinka ba zai ɗauki tashin asuba da tsayuwar yini ba, bar shi, ana baje motocin a wani waje bayan faretin a shiga da tikiti a kalle su a tsanake. Wani abu kuma, in 1 ga Janairu ta faɗo Lahadi ba a yin fareti ba a yin wasa sai Litinin 2 ga wata, haka aka yi a 2023, don haka ka duba kalanda kafin ka sayi jirgi.

Zuwa filin: ka sauka a tashar Memorial Park, ka bi ayarin mutane 'yan mintuna zuwa filin fakin na Parsons, a nan akwai bas-bas na kyauta da ke kai mutane har bakin fili. In layin ya yi tsawo ka taka da ƙafa, gangara ce, minti 30 zuwa 40, kuma cikin jama'a ana waƙe-waƙe baka ma jin nisan. Masu mota a kan ciyawar filin golf na Brookside ake fakin, ana biya, kuma ka ɗauki hoton alamar wajen da ka aje don da dare duk ciyawa iri ɗaya ce. Uber da Lyft za su kawo ka kusa amma farashin ranar ba a magana.

Ka isa da awa uku a hannu. Lokacinmu biyu na rana aka take wasa agogon Kalifoniya, wato 11 na dare a Kano, amma ka duba na shekararka don masu talabijin na iya matsar da shi. Wannan awannin kafin wasa su ne na telget, wato mutane su buɗe bayan mota su kafa rumfa su hura gawayi ana gashi ana kiɗa, kuma in kana sanye da launinsu baƙo ma sai ya kira ka ya miƙo maka faranti. A nan sai ka kula, yawancin abin da ke kan wuta naman alade ne ko tsiran da aka haɗa da shi, abin sha kuma giya ce. Ba sai ka yi dogon bayani ba, ka ce baka cin alade baka shan giya, ni ban taɓa ganin wanda ya ɓata rai ba, sai ma su shiga neman lemo su baka. Mafi sauƙi ka ci ka ƙoshi kafin ka taho, Los Angeles cike take da gidajen abincin halal, mu tun dare muka sayi shinkafa da kaza muka aje a firij ɗin ɗaki. Abincin cikin fili tsada ne da layi.

Sallah kuma lissafinta ka yi shi tun a otal, ɗan'uwa Kirista kai ka tsallake nan. A farkon Janairu azahar na shiga wajen sha biyun rana, la'asar kafin uku, magariba kafin biyar, kaga wasan ya haɗiye biyu kenan, kuma in ka fita daga fili ba a barinka ka dawo. Abin da muka yi a matsayinmu na matafiya, muka riƙe alwala, azahar na shiga muka sami gefen bishiya a kan ciyawa muka yi kasaru muka haɗa da la'asar, magariba kuma muka haɗa ta da isha bayan an tashi. Ka tambayi malaminka kafin tafiya don hankalinka ya kwanta. Alƙibla a can arewa ce ta ɗan karkata gabas, kar ka fuskanci gabas sak irin na gida. Ƙaramar dadduma ta aljihu na shiga leda ba matsala. In Juma'a ta riske ka a garin akwai masallacin Umar bin Khaɗɗab kusa da jami'ar USC, akwai na Sarki Fahad a Culver City, akwai cibiyar Musulunci da ke titin Vermont.

Ka shiga ciki aƙalla awa ɗaya kafin a fara, saboda tsohon gini ne na 1922, ta wasu matsattsun lunguna ake bi a ɓulla wajen zama kuma cunkushewa suke. Yawancin wajen zaman benci ne mai lamba, kowa da ɗan tazararsa, in maƙwabcinka ƙato ne sai haƙuri. Ka riga ka shiga banɗaki. Kar ka bari jirgin yaƙin nan B-2 da ke wucewa ta saman fili bayan taken ƙasa ya wuce kana layin lemo.

Ga wanda bai gama gane wasan ba, abin da ya wajaba kaɗan ne. Zubi huɗu ne na minti 15-15 amma da tsaye-tsaye da tallan talabijin sai ya ci awa uku da rabi. Ƙungiya na da dama huɗu ta ci yadi 10, in ta ci a sabunta mata. Kai ƙwallo ƙarshen fili maki 6, bugun da ke biyo baya 1, bugun tsakanin sanduna 3. Ladabin mai goyon baya kuma shi ne wanda na kwafsa a farkon zuwana: in ƙwallo na hannun 'yan wasanku shiru ake yi don su ji umarnin madugunsu, in tana hannun abokan hamayya ne ake tsage maƙogwaro, musamman a dama ta uku. Ni kuwa na miƙe ina ta ihu namu na shirin jefa ƙwallo, sai da wata tsohuwa ta jawo min riga. In aka ci, runguma da tafi za su zo maka daga mutanen da baka taɓa gani ba, wani lokacin har da fantsamar abin da ke kofinsu, shi ya sa ma nake cewa a yi sallah kafin a shiga.

In biyu na rana aka take wasa irin namu, wajen zubi na uku zuwa na huɗu ka ɗaga kai ka kalli tsaunukan San Gabriel ta arewa lokacin da rana ke faɗuwa, sai su koma ja-ja kamar an shafa musu lalle. Namu wasan a daidai nan ciki ya ɗuri ruwa, Alabama na gaba 20 da 13, sai da ya rage ƙasa da minti biyu madugunmu J.J. McCarthy ya jefa wa Roman Wilson muka farke, aka tafi ƙarin lokaci, Blake Corum ya kutsa yadi 17 ya ci, sannan aka tare madugun Alabama Jalen Milroe a damarsu ta ƙarshe yadi uku da layi. 27 da 20. Ashe wasan ƙarshe na kocinsu Nick Saban muka kalla bamu sani ba, kwana tara bayan nan ya aje aiki. Muryata sai da ta yi kwana uku bata dawo ba.

Fita ita ce jarabawar ƙarshe. Tun kafin ku shiga ku tsayar da wajen haɗuwa, ƙofa lamba kaza ko ƙarƙashin babban rubutun nan na gaban fili, don waya ba lallai ta shiga ba. In kun ci ku zauna ku kalli miƙa kofi, layin bas zai ragu kafin nan. In an ci ku ma kar ka ruga, ba inda zaka je, kowa a lungu ɗaya zai maƙale. Mu da muka ga layin bas ɗin ya yi kamar na gidan mai lokacin wahalar fetur sai muka hau tudu da ƙafa zuwa tasha, wannan karon hawa ne ba gangara ba, ga yunwa ga sanyi, a hanya muka tsaya muka rama sallolinmu a gefen wani fakin, bamu shiga ɗaki ba sai wajen goma. Kar ka saka jirgin komawa a daren nan ko da asubar fari, ka ba kanka zuwa rana.

Sannan ka bar ɗan canji a asusu, don in wasan na sili-ɗaya-ƙwale ne kuma kuka ci, akwai wani wasan a wani gari bayan sati ɗaya, kuma tun a cikin jirgin ƙasa abokai za su fara duba farashi. Namu Houston ne, ranar 8 ga Janairu da Washington. Na buɗe manhajar banki na duba, na rufe, wannan dai a falon wani abokinmu a Ann Arbor na kalle shi da kofin shayi a hannu, aka ci 34 da 13.